Mutum-mutumin da zai iya shiga rami muke buƙata

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya ƙoƙari, da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya. Don Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in faɗi albarkacin bakina kan maganar mutum-mutumi, domin kwana biyun nan duk guruf ɗin WhatsApp da ka leƙa sai ka tarar an turo bidiyon wani yana tiƙar rawa ko yana tsalle ya wuntsila a sama ya dira da ƙafafunsa, a ƙasa kuma jama'a na ta sharhi, wasu su ce duniya ta zo ƙarshe wasu su ce shikenan aikin ɗan Adam ya tafi. Ni malamin koyar da aikin lantarki ne, na daɗe ina bibiyar wannan fanni, kuma abin da ke damuna shi ne mun tsaya kallon ɓangaren da ya fi sauƙi mun bar wanda ya shafi rayukan mutanenmu.

Ita wannan rawar a kan daɓe ake yinta, shimfiɗaɗɗe, fitilu a kunne, an auna ko'ina kuma an yi atisaye kafin a ɗauki wanda za a nuna mana. Ban raina aikin ba, akwai ilimi a ciki sosai, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Tambayar ita ce in aka kai na'urar inda ba wanda ya san abin da ke gaba, ga duhu ga ƙura ga ruwa ga netwok babu, me za ta iya yi? A watan Yunin 2024 rami ya rufta da masu haƙar ma'adinai a Galadima Kogo cikin ƙaramar hukumar Shiroro nan jiharmu ta Neja bayan ruwan sama mai ƙarfi, mutane da dama suka maƙale a ƙasa, aka kwashe kwanaki ana tono, iyalai na zaune a baki suna jira. Masu ceto ba su san ta ina za su fara ba, ba su san ko ƙasar da suke tsaye a kai za ta sake zaftarewa ba. Irin wannan wurin ne ya kamata a auna mutum-mutumi, kuma masu binciken gaske a duniya a nan suke auna shi.

Mu fara da Japan, ƙasar da kowa ya sani da harkar mutum-mutumi. Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa da ambaliyar tsunami suka lalata tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi, man nukiliyar da ke cikin tukwane uku ya narke, tiririn nukiliya mai illa ga jiki da ke fita ya kai matsayin da mutum ba zai iya daɗewa a ciki ba. Na'urar farko da ta shiga ginin ba ma ta Japan ba ce, PackBot ce ta kamfanin iRobot na Amurka, irin wadda sojoji ke turawa ta duba bam, a watan Afrilu ta shiga. Ta Japan mai suna Quince ta biyo baya, ta yi aiki mai kyau tana hawa bene tana auna tiriri, amma da yake katangun kankare masu kauri ba sa barin siginar rediyo ta wuce dole aka ja mata waya a baya, to a watan Oktoba wayar nan ta samu matsala a gini na biyu, aka rasa hulɗa da ita, can aka bar ta. A 2017 aka tura wata da za ta share hanya cikin tukunya ta biyu, cikin kamar awa biyu tiriri ya fara kashe mata kyamara aka jawo ta, wadda ta biyo bayanta mai siffar kunama ta kamfanin Toshiba kuma ta maƙale tun kafin ta kai inda aka aike ta. Sai a watan Nuwamban 2024, shekara 13 bayan haɗarin, aka iya ciro ɗan ɓarɓashin narkakken man da bai kai giram ɗaya ba, alhali an ƙiyasta akwai kusan tan 880 a ciki. Kaga wannan ita ce ainihin fuskar aikin.

Abin da ya faru a Fukushima ne ya sa hukumar binciken soja ta Amurka, DARPA, ta shirya gasa, aka yi zagayen ƙarshe a watan Yunin 2015 a garin Pomona na jihar Kalifoniya. An ba kowane mutum-mutumi awa ɗaya ya yi ayyuka takwas, ya tuƙa mota, ya sauko, ya buɗe ƙofa, ya murɗa bawul, ya huda bango, ya ratsa ɓaraguzai, ya hau matakala, har da wani aikin da ba a faɗa musu ba sai dab da lokaci, kuma da gangan aka riƙa lalata musu sadarwa tsakaninsu da masu sarrafa su. Na'urori na miliyoyin daloli suka riƙa zubewa ƙasa, wani wajen fitowa daga mota, wani a bakin ƙofa yana laluben mariƙi. Tawagar jami'ar KAIST ta Koriya ta Kudu ce ta ci dala miliyan 2 da nata mai suna DRC-Hubo, ya gama cikin minti 44 da 'yan daƙiƙu, kuma sirrinsa shi ne an sa masa tayoyi a gwiwa, in wuri shimfiɗaɗɗe ne sai ya durƙusa ya gangara, sai ya zo matakala yake miƙewa. Aikin da ma'aikaci ɗaya zai yi cikin 'yan mintuna ke nan fa.

Me ya sa abin yake da wuya haka? Matsalar farko ita ce gani da ji. Mutum-mutumi bai san inda yake ba sai abin da sensa, wato 'yar na'urar da ke masa aikin ido ko kunne, ta gaya masa, kuma kowace sensa tana da inda take yin ƙarya. Kyamara sai da haske, in duhu ne ko hayaƙi ta tashi aiki. Akwai na'urar leza mai juyawa da ake kira lida, tana harba haske dubbai a cikin daƙiƙa guda tana auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, da haka take zana bango da rufi da duwatsu ko da a cikin duhu ne, amma da zarar ƙura ta tashi sai hasken ya riƙa dawowa daga ƙwayoyin ƙurar, na'ura ta ɗauka katanga ce a gabanta ta ja ta tsaya. In kuma dogon rami ne mai santsi wanda ko'ina iri ɗaya ne, lida sai ta kasa gane ko an matsa gaba ko ana nan a tsaye, tunda hoton da take gani bai sauya ba. GPS kuwa ba ya shiga ƙarƙashin ƙasa sam. Abin da ya rage shi ne ɗan abin nan mai auna motsi, irin wanda ke cikin wayarka da ke sa allo ya juya in ka karkatar da ita, shi kuma kuskurensa taruwa yake yi. Kamar a ɗauke wuta da dare kana tsakar ɗakinka, ka san taku nawa ne zuwa ƙofa kuma za ka kai, amma a ce ka ratsa unguwa guda a haka da ƙidayar taku kawai, ɗan karkacewar kowane taku zai haɗu ya kai ka inda ba ka nufa ba. Shi ya sa ake haɗa su duka, kyamara da lida da kyamarar zafi da rada, kowace ta rufa wa 'yar uwarta asiri, kuma babban aikin kwamfutar shi ne ta san wacce za ta yarda da ita a wannan lokacin.

Labarin ɗan jirgin nan mai saukar ungulu na hukumar NASA, Ingenuity, ya ishe mu misali. Nauyinsa kilo 1.8 ne kacal, ya fara tashi a duniyar Mas ranar 19 ga Afrilu 2021, kuma ba yadda za a yi a tuƙa shi da rimot daga nan saboda saƙo yakan ɗauki mintuna kafin ya isa, wani lokacin har sama da minti 20, dole shi zai riƙe kansa a sama. Yadda yake yi shi ne akwai 'yar kyamara a cikinsa mai kallon ƙasa, tana kama duwatsu da tabo-tabon ƙasa, tana duba yadda suke gudu daga wannan hoto zuwa na gaba, da haka yake sanin saurinsa da inda ya dosa. An tsara ya tashi sau biyar ne kawai ya yi sau 72. A tashi na ƙarshe a watan Janairun 2024 ya samu kansa a kan tudun rairayi, yashi zalla ba dutse ba tabo, kyamara ta rasa abin kamawa, lissafin gudunsa ya rikice, ya sauka da gudu a karkace fukafukansa suka karye. Injinsa lafiya lau, batir lafiya lau, yashi ne kawai ya ƙi ba shi alama.

Ni kaina ina ganin ƙaramin samfurin wannan a wajen ɗalibaina. Mukan haɗa 'yar mota mai bin baƙin layi, sensa biyu a ƙasanta masu harba hasken da ido ba ya gani, a cikin aji a kan farin kwali tana bin layin nan tsaf har kwana tana sha, yara na tafi. Muka fito da ita tsakar makaranta da hantsi lokacin hunturu, sai ta fara juyi a wuri ɗaya, domin hasken rana ya cika idon sensar ta daina bambance fari da baƙi, kafin a jima kuma ƙura ta kwanta a kan gilashin, tayar ta riƙa murza yashi ba ta tafiya. Wani yaro ne ya yanko kwalin sabulu ya yi wa sensar rumfa, ya liƙe da salatif, sai ta koma kan layi. Wallahi abin da yaran suka koya a wannan hantsin ya fi na cikin aji amfani, kuma duk na'urar da za a kawo mana daga waje, komai tsadarta, da wannan ranar da wannan ƙurar za ta haɗu.

In sensa ta gani amma kwamfuta ta kasa fassarawa, nan ma rai ake rasawa. A watan Maris 2018 a garin Tempe na jihar Arizona, motar gwaji ta Uber mai tuƙa kanta ta kaɗe wata mata da ke tura keke tana tsallaka titi da dare, ta rasu. Binciken hukuma ya nuna motar ta hango ta fiye da daƙiƙa biyar kafin karon, amma ta riƙa sauya ra'ayi, yanzu ta ce mota ce, yanzu keke, yanzu wani abu daban, kuma ba a tsara ta da tunanin mutum zai tsallaka a inda ba wurin tsallakawa ba. Wadda aka zaunar a kujerar direba don ta sa ido ita ma hankalinta na wani wurin.

Aikin da ya fi burge ni a wannan ɓangaren shi ne na jami'ar ETH da ke Zurik a ƙasar Suwizalan, ɗakin binciken Farfesa Marco Hutter, da na'urarsu mai ƙafa huɗu ANYmal. Ba su zauna sun rubuta mata cewa in kin ga dutse ɗaga ƙafa kaza ba. A cikin kwamfuta suka gina mata duniyar gwaji, ta yi ta tafiya tana faɗuwa tana tashi ba adadi a kan ƙasa iri-iri, kuma da gangan suke gurɓata mata abin da take gani, wani lokacin taswirar ta nuna tudu alhali babu, wani lokacin ta nuna ƙasa mai ƙarfi alhali ba haka ba ne. A hankali ta koyi gwada abin da idonta ya faɗa da abin da ƙafarta ta ji. In ta shiga doguwar ciyawa, ido zai ce mata ga katanga, ƙafa kuma ta ce ai na wuce, sai ta rage yarda da ido ta koma lalube da ƙafa, in sun sake daidaita ta ƙara sauri. A rahoton da suka fitar a 2022 ta hau tsayin mita 120 a jikin dutsen Etzel cikin minti 31, ba ta faɗi ko sau ɗaya ba, har ta riga lokacin da aka ƙiyasta wa masu hawa da ƙafa da minti huɗu. A wajena wannan ya fi kowace rawa daraja, domin na'ura ce da aka koya wa ta yi shakkar kanta, kuma a cikin ramin da ya rufta abin da ake buƙata ke nan.

Matsala ta biyu ita ce haɗin kai tsakanin na'urori, kuma a nan nake so masu karatu su ɗan tsaya. DARPA ta sake shirya wata gasar, wannan karon ta ƙarƙashin ƙasa, aka fara da ramin haƙar ma'adinai a Pitsbag a 2019, aka je wata tashar nukiliya da ba a ƙarasa ginawa ba a jihar Washintan a farkon 2020, aka kammala a watan Satumban 2021 a wani ƙaton kogo da ke Luwibil a jihar Kentaki. An ɓoye abubuwa 40 a ciki, akwai gunkin mutum da aka ɗumama kamar mai rai, jakar goyo, wayar hannu, hular kwano, igiya, har da wurin da iskar gas ke tsiyaya. Awa ɗaya aka bayar, kuma ba a ba ka maki sai ka faɗi inda abin yake ba tare da ka kauce fiye da mita biyar ba. Mutum ɗaya tak aka yarda ya zauna gaban kwamfuta a bakin kogon yana kula da dukkan na'urorin tawagarsa, ba mai shiga ciki. An sa hayaƙi a wasu wuraren, an kuma shirya shinge da zai faɗo ya toshe hanya bayan na'ura ta wuce, don a ga ko za ta nemi wata hanyar dawowa.

To yaya suka yi da sadarwa tunda dutse ba ya barin sigina ta wuce? Na'urorin suna ɗauke da ƙananan akwatunan rediyo, in sun ji sigina ta fara rauni sai su ajiye ɗaya a ƙasa su ci gaba, a gaba su sake ajiye wani, saƙo ya riƙa tsallakawa daga akwati zuwa akwati har bakin kogo. In akwatunan sun ƙare ba tsayawa za ta yi ba, za ta shiga ita kaɗai ta zana taswira ta ɗauki hotuna, ta lissafa batirinta, sannan ta juyo zuwa inda sigina take ta sauke abin da ta samo. In biyu suka haɗu a hanya sai su yi musayar taswira, kowace ta san inda 'yar uwarta ta riga ta duba kar a maimaita. Tawagar Ostireliya ta hukumar CSIRO ta sa na'urorinta suna rabon aiki ta hanyar tayi, in sabuwar hanya ta ɓullo kowace za ta faɗi abin da zai ci mata na lokaci da nisa, wadda ta fi sauƙin kaiwa ita za ta ɗauka, ba sai an jira umarni daga waje ba. Kuma ba iri ɗaya ake turawa ba, akwai mai ƙafa don matakala da duwatsu, akwai mai sarƙa irin ta tankar yaƙi da ke goya ɗan jirgi mara matuƙi a bayanta, in an zo rami mai zurfi ko wuri mai tsayi sai jirgin ya tashi ya leƙa. A ƙarshe tawagar CERBERUS mai amfani da ANYmal da ta Ostireliya suka yi kunnen doki da maki 23, aka ba CERBERUS dala miliyan 2 saboda ta riga kaiwa. Amma a lura, 23 cikin 40 ne, wato gwanayen duniya sun bar 17 ba su samu ba, a kogon da aka shirya don gasa.

Akwai masu bin wata hanyar daban, su ƙanana da yawa suke so maimakon manya 'yan kaɗan. A jami'ar Habad a 2014 tawagar Farfesa Radhika Nagpal ta jera ƙananan na'urori 1,024 a kan tebur, kowace faɗinta bai wuce santimita uku da ɗan abu ba, ba ta jin kowa sai maƙwabtanta na kusa, ba shugaba a cikinsu, amma suka haɗu suka jera kansu a siffar tauraro, ko da yake sai da suka kwashe wajen awa 12. Amfanin wannan tsarin shi ne in goma suka lalace aiki bai tsaya ba. Har yanzu dai a kan tebur yake, ban ga ya kai bakin rami ba tukuna.

Matsala ta uku ita ce abin da na'ura za ta yi in ita kanta ta ji rauni. A Faransa, Jean-Baptiste Mouret da abokan aikinsa sun nuna wani abu a 2015 da na'ura mai ƙafa shida. Tun kafin a sake ta, an sa kwamfuta ta tara mata salon tafiya wajen 13,000, wani da ƙafa shida, wani yana ɗage ɗaya, wani yana dogara da na baya, kowane da hasashen saurin da zai bayar. Sai suka karya mata ƙafa. Ba ta tsaya binciken wace ƙafa ce ta karye ba, sai kawai ta gwada salon da ta fi sa rai da shi, ta auna ta ga ba ta tafiya, nan take ta rage wa duk salon da ya yi kama da shi daraja ta ɗauko wani na daban can, ta sake aunawa, bayan 'yan gwaje-gwaje cikin ƙasa da minti biyu ta samu hanyar ɗingishi ta ci gaba da tafiya. Ka tuna na'urorin da aka bari a cikin Fukushima saboda abu ɗaya ya lalace, za ka ga dalilin da ya sa wannan binciken yake da muhimmanci.

Duk da haka Malam Edita, ba na so wani ya karanta wannan ya ɗauka cewa da an sayo mana mutum-mutumi an gama. A mahaƙar kwal ta Pike River a ƙasar Niyuzilan a 2010, inda mutum 29 suka rasu, an tura na'urar sojoji cikin ramin, ruwa ya shige ta ta mutu a hanya. A Indiya kuma a watan Nuwamban 2023 hanyar ƙarƙashin dutse ta Silkyara a jihar Uttarakhand ta rufta da ma'aikata 41, aka kawo ƙaton injin haƙa yana ta ci, da ya zo kusa sai ya haɗu da ƙarafa ya kakkarye a cikin bututun. Su wa suka ƙarasa? Talakawa masu haƙar rami da hannu, suka rarrafa cikin bututu suka tone mitocin da suka rage, aka fito da mutum 41 duka da ransu bayan kwana 17. Amma kafin nan, 'yar kyamara da aka zura ta wani siririn bututu ita ta fara nuna fuskokin mutanen, ta wannan bututun kuma aka riƙa tura musu abinci. A yanzu dai matsayin na'ura ke nan a aikin ceto, ta riga mutum shiga ta gaya masa abin da ke ciki, tonon kuma har gobe hannu ne.

Wannan matakin kuwa bai fi ƙarfinmu ba, shi ya sa na rubuto. Sau nawa muke karantawa a wannan jaridar cewa wani ya shiga yasar rijiya ko gyaran sokawe ya sume, ɗan uwansa ya bi shi don ya ceto shi shi ma ya sume, na uku ya bi, a fito da gawarwaki daga gida ɗaya? Iska ce babu a ƙasan, ko kuma guba ce ta taru, kuma daga sama ba a gani. Tsohuwar dabarar zura fitila mai ci a igiya a ga ko za ta mutu tana da amfani a rijiya, amma a masai ko sokawe haɗari ce tunda iskar wurin tana iya kama wuta. Abin da ake buƙata a nan ɗan akwati ne da za a zura da igiya, mai kyamara da tocila da makirfo da lasifika da sensar auna iska, a sama a riƙa gani a waya. Ɗalibin injiniya zai iya haɗa wannan. Muna da sashen mekatronik, wato ilimin haɗa inji da lantarki da kwamfuta, a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke nan Minna, muna da cibiyar NCAIR ta ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi a Abuja ƙarƙashin hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA. Roƙona gare su shi ne in za a yi gasar ɗalibai a daina yinta a zauren taro kan tayil, a nemi tsohon ramin bulo ko busasshiyar rijiya, a yi ta a tsakiyar hunturu ƙura na tashi, a sa gunki a ƙasa, a katse musu netwok da gangan, a kuma gayyato 'yan kwana-kwana da masu haƙar rijiya da masu haƙar zinare su zama alƙalai, domin su suka san yadda ƙasa take zaftarewa da inda igiya take maƙalewa. Wanda nasa ya yi aiki a ba shi kuɗin haɗa guda ashirin a raba wa ofisoshin kwana-kwana su gwada su kawo gyara.

Ku kuma a naku ɓangaren, don Allah ku tura wakilanku ofisoshin kwana-kwana da hukumomin agajin gaggawa na jihohinmu su tambaya, idan aka kira ku yau aka ce yaro ya faɗa rijiya mai zurfi, da me kuke duba ƙasan kafin ku zura ma'aikacinku, kuna da abin auna iska, guda nawa, yaushe aka gwada shi? Ku buga mana amsar jiha bayan jiha mu gani.

Na gode da filin da aka ba ni, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Wassalam.

Naku mai karatu,
daga Minna, Jihar Neja